Bidiyon Daƙiƙa 90: Yadda Wata Masana'anta Ta Yi Aiki da Kamfanin Shirya Bidiyo, da Inda Aka Samu Tangarɗa

Wata masana'anta mai haɗa famfunan ruwa masu aiki da hasken rana tana da baje koli a gabanta, saura mako goma. Sashen talla yana son bidiyon da zai riƙa juyawa a babban allon rumfarsu, bayan an tashi kuma a ɗora shi a shafin kamfanin na intanet. Ba su taɓa ba da irin wannan aiki ba. Ba za a kama sunan masana'antar ko na kamfanin bidiyon ba, domin abin da ya gudana tsakaninsu irin wanda ake gani ne kullum a wannan sana'a. An gama bidiyon, ya yi kyau, ya kuma riski baje kolin. Sai dai ya ci kuɗi kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan abin da aka tsara, kuma ƙarin ya fito ne daga tambayoyin da ya kamata a amsa su a takarda tun ba a kunna kyamara ba.

Neman kamfani

Saƙon farko da sashen talla ya tura wa kamfanoni uku layi biyu ne: muna son bidiyo na minti ɗaya zuwa biyu a kan kamfaninmu, nawa za ku yi? Farashin da ya dawo ya rikita su, domin mafi tsada ya ninka mafi araha fiye da sau uku. Ba wai wani ya so cutar su ba ne. Kowa ya ƙiyasta kuɗin wani fim daban ne a ransa. Na farko yana nufin mutum ɗaya da kyamara, wuni guda. Na biyu yana nufin ma'aikata biyar, kwana biyu, da rubuta sikirif, da kiɗa, da gyaran launi. Na uku ya sa har da 'yan wasa da zane mai motsi na cikin famfo. Farashi uku irin waɗannan ba sa gwaduwa da juna, kamar yadda ba a gwada amsoshin tambayoyi daban-daban.

Sai aka koma aka rubuta takardar bayanin buƙata, shafi ɗaya da rabi. Ta faɗi masu kallo: dillalai da masu manyan gonakin ban ruwa. Ta faɗi inda za a kalla, da abin da ake so mai kallo ya yi bayan ya gama, wato ya nemi a gwada masa famfon. Ta tsayar da tsawo, daƙiƙa 90, da ranar miƙa aiki, da kayan da ke hannu kamar tambarin kamfani da zanen injiniyoyi. Ta kuma faɗi iyakar kuɗin da aka ware. Masu ba da aiki da yawa suna ɓoye wannan, suna tsoron kada a cinye duka. Ɓoyewar ba ta da amfani. Bidiyo na daƙiƙa 90 ana iya yin sa da kuɗi kaɗan, ana iya yin sa da mai yawa, kuma kamfani ba zai san girman tawagar da zai kawo ba sai ya san abin da ke aljihun mai aiki.

Abu uku ba su shiga takardar ba: cewa za a so gajerun bidiyo na tsaye don waya, cewa za a biya kuɗi a tallata bidiyon, da sunan wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Duka ukun sun dawo daga baya.

Wajen tantancewa masana'antar ta yi daidai. Ba ta tsaya ga ɗan faifan nuna gwaninta da kamfanoni ke turawa ba, wanda tsintar daƙiƙu mafi kyau ne daga ayyukan shekaru. Ta nemi cikakkun ayyuka biyu masu kama da nata, daga farko har ƙarshe. Ta tambayi wa ya ba da umarni, wa ya riƙe kyamara, kuma su ne za su zo ko wasu ne. Tambayar tana da muhimmanci, saboda kamfanoni da yawa ofis ne ƙarami da ke hayar ma'aikata aiki-aiki. Ta kira tsoffin abokan huldar kamfanin biyu da tambaya guda mai amfani: kuɗin da kuka biya a ƙarshe ya yi daidai da wanda aka faɗa muku da farko? Ta kuma nemi ganin takardar inshora, tunda za a shigo da fitilu da wayoyin wuta cikin injina masu gudu.

Kamfani na biyu ya samu aikin, kuma abin da ya fifita shi wata tambaya ce da furodusansa, wato mai kula da tsarin aikin da kuɗinsa, ya yi: a rumfar baje koli wa zai ji murya? Zauren cike yake da hayaniya, sau da yawa ma allon a kashe sautinsa yake. Ya ba da shawarar a tsara fim ɗin yadda za a fahimce shi ko ba sauti, da gajeren rubutu a kan hoto, muryar mai bayani ta zama ta sigar intanet. Kamfanin da ya yi irin wannan tambaya kafin ya faɗi farashi ya cancanci a saurare shi.

Abin da yarjejeniya ta faɗa, da abin da ta yi shiru a kansa

An raba biya gida uku: rabi kafin alƙalami, kashi ɗaya cikin huɗu bayan an gama ɗauka, ragowar ranar miƙa aiki. An rubuta cewa wunin ɗauka awa goma ne, abin da ya haura kuma ana biyan sa ninki ɗaya da rabi. An rubuta zagaye biyu na gyara. An rubuta abin da za a biya idan masana'antar ta soke ranar ɗauka a ƙurarren lokaci, saboda an riga an riƙe ma'aikata da kayan haya.

Don a rage kuɗi, sashen sayayya ya soke layi biyu daga takardar farashi. Ɗaya shi ne kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. Ɗayan shi ne rabin wuni na zagayen duba lokeshin, inda darakta da mai ɗaukar hoto da mai sauti za su je su ga wurin da idonsu, su ji shi da kunnensu. Aka ce za a tura musu hotunan waya. Furodusa ya yarda, kuma bai kamata ya yarda ba. Hoton waya yana nuna faɗin ɗaki, amma ba ya nuna ƙarar inji, ba ya nuna irin fitilun da ke rufi, ba ya nuna inda za a jona wuta ko ƙarfe nawa rana ke shigowa ta taga.

Kan batun mallaka, jimla ɗaya ce kawai a ciki: kamfanin zai miƙa kammalallen bidiyo.

Shirye-shirye sun tafi lami lafiya in ban da sikirif. Injiniyoyi sun kawo rubutu mai kalma 340. Mai ɗora murya da ke magana a natse yana faɗin kalma 130 zuwa 150 a minti, ke nan daƙiƙa 90 ba za ta ɗauki fiye da kalma 200 da 'yan kai ba, kuma sai an bar wa hoto wurin numfashi. Aka jera sikirif ɗin a gida biyu, abin da ake gani a hagu, abin da ake ji a dama, aka karanta shi da ƙarfi ana duba agogo. Ya tsaya a kalma 185, bayanan ƙarfin inji suka koma rubutun kan allo. Daga nan aka fitar da jerin ɗauka 38, aka raba su kwana biyu: rana ɗaya a masana'anta, rana ɗaya a gonar wani mai amfani da famfon. Shugabar sashen talla ce ta sa hannu. Shugaban masana'antar bai ga sikirif ɗin ba, ba kuma wanda ya tambaya ko ya kamata ya gani.

Ranar ɗauka a masana'anta

An tsara farawa da hira da babban injiniya, yana tsaye a gaban layin haɗa famfo. Kafa fitilu da kyamarori biyu ya ci kusan awa ɗaya, wanda haka aka saba. Da mai sauti ya sa abin ji a kunne sai ya ɗaga hannu. Injin matsa iska da ke bayan bango yana tashi duk bayan 'yan mintuna, kuma gurnaninsa yana bin ƙasa da ƙarfen ginin. Ma'aikatan wurin sun saba da shi har ba sa jin sa, shi ya sa ba wanda ya ambata.

Dokar sauti a nan mai sauƙi ce. A fili, duk lokacin da tazarar makirufo da baki ta ninka, ƙarfin muryar yana raguwa da kimanin desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), alhali ƙarar ɗaki tana nan yadda take. Makirufo mai sanda da aka rataya santimita 80 daga baki ya yi asarar kusan desibel 12 idan aka gwada da na maƙalawa a riga da ke santimita 20. Aka koma kan na riga, abin ya ragu, amma bai isa ba. Manhajojin cire hayaniya suna taimakawa a kan ƙara mai ɗorewa iri ɗaya, amma wadda ke tashi tana tsayawa tana barin murya da wani amo na ƙarfe da kunne ke ganewa. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan rauni, ba ya haƙuri da muryar da yake wahalar ji. Mafita ɗaya ce, a kashe injin, kuma ba a iya kashe shi sai lokacin hutun ma'aikata. Aka juya jadawali, aka yi hirar cikin minti 40 na hutu, aka naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya don edita ya riƙa cike giɓi. Juyin ya sa aka kwance fitilu aka sake kafawa sau biyu, wuni ya haura da awa biyu.

Matsala ta biyu ba a gan ta ba sai a ɗakin tacewa. Darakta yana son a ɗauki tartsatsin walda da juyawar farfelar famfo cikin tafiyar hawainiya. Wutar lantarkin wurin mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, irin ta Turai da Afirka da yawancin Asiya, saɓanin 60 ta Amurka. Fitilun rufi masu araha, na bututu ko na LED, haskensu yana hawa da sauka ninki biyu na zagayen wutar, wato sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, kyamara tana gani. A ɗauka ta yau da kullum, firam 25 a daƙiƙa, wato hotuna ɗaiɗai 25, da ƙiftawar kyamara ta 1/50 na daƙiƙa, kowane firam yana kwasar bugun haske biyu cif, hoto ya fito sumul. Don samun tafiyar hawainiya, mai ɗaukar hoto ya sa kyamara a firam 120, wanda bai jitu da 100 ba. Kowane firam ya kama wani ɓangare daban na bugun, sai hoton ya riƙa ƙyafƙyaftawa, da ratsi masu duhu suna gangarawa. Da an sa firam 100 da ƙiftawa 1/100, ko an kashe fitilun rufi an haska wurin da fitilun fim marasa wannan bugu, da ba a samu matsalar ba. Ko sake kallon ɗaukar nan take a babban allo zai tona ta, amma lokaci ya ƙure ana gaggawa.

An gwada na'urar gyaran ƙyaftawa da ke cikin manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve. Ta gyara bango da ƙasa, amma ta dagula gefen abubuwa masu saurin motsi, kuma su ne dalilin ɗaukar. Ɗauka huɗu suka tashi a banza. Adalci a nan shi ne a ce laifin na ɓangare biyu ne. Sanin zagayen wuta aikin mai kyamara ne, ba na mai famfo ba. Amma zagayen duba lokeshin da aka soke shi ne wurin da ake gwada fitilu a natse. Aka raba kuɗin rabin wunin sake ɗauka biyu.

Wani ƙaramin abu ya shiga cikin sake ɗaukar. A ɗaya daga cikin hotunan da suka fi kyau, ma'aikaci yana aiki a injin gurza ƙarfe ba tabarau na kariya. Jami'in kiyaye haɗari na masana'antar ya ce ba za a fitar da shi ba, kuma gaskiyarsa. A duk ɗaukar da za a yi a wurin aiki, mai ba da aiki ya tsayar da mutum ɗaya kusa da allon darakta, wanda aikinsa shi ne duba abin da tawagar fim ba za ta sani ba: kayan kariya, tsohon tambari, sirrin sana'a da ke rubuce a allon bango, samfurin da aka daina yi.

Abin da kamfanin bidiyon ya yi da kyau shi ne takardu da ajiya. Duk wanda fuskarsa ta fito ya sa hannu a takardar amincewa kafin a ɗauke shi, haka ma mai gonar. An ɗauki komai a girman fiksel (ɗigon hoto) 3840 da 2160, a tsarin adana bidiyo mai inganci na ProRes 422 HQ, wanda ke cin fiye da gigabait 300 a awa. Kimanin awa biyar na ɗanyen hoto, wato duk abin da kyamara ta ɗauka kafin a tace, ya haura terabait ɗaya da rabi. Ba a goge katin memori ko ɗaya ba sai da aka kwafe shi zuwa faifan ajiya biyu da manhajar da ke tabbatar da cewa kwafin ya yi daidai da asali, sannan aka kwana da faifan a wurare daban-daban. Ranar gona ta tafi ba matsala.

Ɗakin tacewa, inda mafi yawan ƙarin kuɗin ya tafi

Tacewar farko ta iso bayan kwana takwas. Shugabar talla ta tura ta ga mutum shida, kowa ya mayar da ra'ayinsa kai tsaye ga edita, wani ta WhatsApp, wani ta imel, wani ta kiran waya. Mai kula da ciniki yana son a ƙara hotunan gona, injiniya yana son a rage su a ƙara na cikin inji. Wani ya ce kiɗan ya yi sanyi, wani ya ce ya yi zafi. Mutum biyu suka yi ƙorafin launi ya koɗe, ba su san ba a kai ga gyaran launi ba tukuna. Edita ya yi ƙoƙarin gamsar da kowa, ya fitar da sigar da ba ta gamsar da kowa ba, zagaye ɗaya cikin biyu ya tafi.

A nan furodusa ya taka birki, ya kafa ƙa'ida: jeri ɗaya, daga hannun mutum ɗaya, kowane gyara da daƙiƙarsa, kuma saɓanin cikin gida a warware shi a cikin gida kafin a turo. Ya kuma roƙi a riƙa faɗin matsala maimakon magani. "A daƙiƙa ta 32 ban gane cewa wannan famfon ne ke ba gonar ruwa ba" ya fi wa edita amfani a kan "a sa kibiya a daƙiƙa ta 32", domin wataƙila maganin shi ne sauya jerin hotuna biyu, ba kibiya ba. Zagaye na biyu ya tafi tsaf, shugabar talla ta rubuta cewa an amince, aka kulle hoto.

Kulle hoto yana nufin tsawo da jerin ɗauka ba za su ƙara motsi ba, ko da firam ɗaya. Dalilinsa shi ne duk aikin da ke biye a kansa yake zaune. Mai gyaran launi yana bin ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Mai haɗa sauti yana yanka kiɗa ya faɗa daidai kan sauyin hoto, yana daidaita murya da ƙarar ruwa da ta inji. Mai zane yana auna shigowa da fitar kowane rubutu. Mai rubutun ƙasan allo yana ɗaure kowane layi da lokacinsa. Sau da yawa mutane ne daban-daban da aka riƙe wa ranaku daban-daban.

Bayan duk wannan ya kammala, saura kwana goma sha biyu a buɗe baje koli, aka nuna wa shugaban masana'antar. Fim ɗin ya burge shi, amma ya ce abu biyu. Sabon samfurin famfo da za a ƙaddamar a baje kolin shi ya kamata ya buɗe fim ɗin, ba tsohon ba. Sannan akwai jimlar da ke alƙawarin yawan litar ruwa a rana ba tare da faɗin zurfin rijiya ba, kuma ba zai bari ta fita haka ba, tunda ruwan da famfo ke bayarwa yana raguwa gwargwadon zurfin da yake ɗagowa. Duka maganganun biyu daidai ne. Da an ji su a matakin sikirif, gyaransu aikin minti goma ne da alƙalami. Tun ran gini ran zane. Yanzu kuwa sai da aka sake kiran mai murya da ɗakin naɗi don jimla ɗaya, aka kai sabon famfon aka ɗauke shi a rabin wunin sake ɗauka da aka riga aka tsara, fim ya ƙaru da daƙiƙa shida, kiɗa ya goce daga mazauninsa, aka sake haɗa sauti, aka sake launi a sabbin ɗauka, aka sake auna rubutu duka. Wannan shi kaɗai ya kai rabin ƙarin kuɗin.

Furodusa ya aiko da takardar canjin aiki kafin a taɓa komai: ga abin da aka nema, ga kuɗinsa, ga kwanakin da zai ci. Masana'antar ta ji zafin adadin, amma ba a yi rigima ba, domin an gan shi kafin aiki ba bayan aiki ba. Kamfanin da ke karɓar kowane canji da "ba komai" sannan ya tara su a takardar biya ta ƙarshe ya fi haɗari nesa ba kusa ba.

Bidiyo na tsaye da lasisin kiɗa

A makon ƙarshe sashen talla ya nemi gajeru uku na daƙiƙa 15 don Instagram da TikTok, a tsaye, 9:16, wato faɗi tara tsawo goma sha shida. A zatonsu yanka gefe ne kawai. Lissafin kuwa ga shi: hoto mai faɗin fiksel 3840 da tsawon 2160, idan aka yanko tsaye daga cikinsa, faɗin da ke saura 1215 ne, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Ta fuskar kyawun hoto ya isa, tunda faɗin 1080 ake buƙata. Da a girman 1920 da 1080 aka ɗauka, da 608 kawai zai rage, hoton ya dushe. Matsalar tana wajen tsari. Darakta ya gina hotunansa a kwance: farantan hasken rana a hagu, famfo a tsakiya, ruwa na kwarara a dama. Yankan tsaye yana ɗaukar ɗaya ya zubar da biyu, labarin ya ɓace. Cikin ɗauka 38, goma sha huɗu ne suka yi amfani. An haɗa gajerun da su, sun fito tsaka-tsaki. Da an faɗa tun farko, da mai kyamara ya kunna layukan 9:16 a allonsa ya tara abu mai muhimmanci a tsakiya, ya kuma juya kyamara a tsaye a muhimman wurare. Bai fi ƙarin awa ɗaya a wuni ba.

Kiɗan an sayo shi ne daga ɗakin ajiyar kiɗa na intanet, a matakin lasisin da ya halatta ɗorawa a shafin kamfani da kafofin sada zumunta kawai. Talla ta biya da nunawa a taron jama'a suna wani mataki na sama a sharuɗɗan wannan ɗakin. Kowane kiɗa yana da haƙƙi biyu, na wanda ya tsara shi da na wanda ya mallaki naɗin, kuma lasisi yana iyakance kafa, da yanki, da tsawon lokaci. Haka yarjejeniyar mai murya take. Tsarin Content ID na YouTube yana gane kiɗa da kansa, ya ɗora da'awa a kan bidiyo, kuma abin da ke warware ta shi ne takardar lasisi. Shi ya sa ya kamata sunan mai ba da aiki ya fito a takardar, kwafinta kuma ya kasance a hannunsa. An gano giɓin kafin baje koli, aka biya bambancin na kiɗa da na murya.

Ɗanyen hoto na wa ne?

Bayan wata takwas masana'antar ta ɗauki ma'aikacin bidiyo nata, ta nemi a ba ta duk ɗanyen hoton. A ganinta ta biya, don haka nata ne. Kamfanin bidiyon ya nuna mata jimlar nan guda: kammalallen bidiyo.

Doka a ƙasashe da yawa tana bayan kamfanin. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, haƙƙin mallaka yana tabbata da zarar an ƙirƙiri aiki, ba sai an yi rajista ba, kuma biyan kuɗin aiki shi kaɗai ba lallai ya mayar da haƙƙin ga mai biya ba. A Birtaniya, dokar 1988 ta ɗauki furodusa da babban darakta a matsayin maƙirƙiran fim, kuma miƙa haƙƙi ba ya inganta sai a rubuce da sa hannu. A Amurka ma, aikin da aka ba ɗan kwangila ba ya zama na mai ba da aiki tun asali sai da rubutacciyar yarjejeniya da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu. Ƙa'idoji sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka wannan sashe na kwantiragi lauya ya kamata ya duba.

Kamfanin ma yana da hujjojin sana'a. Ɗanyen hoton an ɗauke shi ne a yanayin da ke adana haske da duhu don gyara, yana fitowa fari-fari kamar an wanke shi, kuma wanda bai iya ba zai fitar da shi da muni da sunan aikinsu. Fayil ɗin tacewa yana dogara da haruffa da ƙarin manhajoji da aka saya da sunan kamfanin, waɗanda ba a miƙa wa wani. An daidaita a kan wani kuɗi, aka miƙa ɗanyen hoto da sauti a faifai, ban da fayil ɗin tacewa. An yi sa'a ma yana nan, domin al'adar kamfanin ita ce goge ɗanyen aiki bayan shekara ɗaya, kuma ba a rubuta hakan a ko'ina ba.

Masana'antar ta sake ba kamfanin nan aiki a shekarar da ta biyo, da yarjejeniya mai shafi huɗu maimakon biyu. An rubuta sunan mai amincewa guda, an kuma sa sharaɗin cewa shugaban masana'antar zai sa hannu a sikirif da tacewar farko, yana da kwana uku na aiki a kowanne. Zagayen duba lokeshin ya dawo, tare da gwajin fitilu da naɗin sautin wurin, haka ma kashi 10 na ko-ta-kwana, wanda ba a taɓa shi sai da rubutaccen izini. An lissafa abin da za a miƙa ɗaya bayan ɗaya: babban kwafi a ProRes, kwafin intanet a matsattsen tsari na H.264, sigar 16:9 da 9:16, sigar da ba rubutu a kanta don fassara zuwa wasu harsuna, murya da kiɗa da sauran sauti kowanne a fayil ɗinsa a kilohaz 48, da fayil ɗin SRT na rubutun ƙasan allo. An ambaci ma'aunin ƙarfin sauti, wajen -14 LUFS don YouTube, da -23 bisa ƙa'idar EBU R128 ta ƙungiyar gidajen watsa labarai na Turai idan za a kai wa gidan talabijin mai bin ta. Lasisin kiɗa da na murya sun haɗa da talla ta biya na shekara biyu. Haƙƙin kammalallen bidiyo da ɗanyen hoto yana komawa ga masana'antar ranar da ta gama biya, kamfanin yana da damar nuna aikin a cikin ayyukansa, kuma zai riƙe kwafin ajiya na wata ashirin da huɗu.